Ƙuri'a 60, asusun gwamnati da takardar jariri: rikicin Majalisar Amurka da darasinsa ga Hausawan ƙetare

Daga ranar 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, gwamnatin tarayyar Amurka ta yi kwana 43 ba ta da izinin kashe kuɗi a yawancin ma'aikatunta. Kafin nan ba a taɓa yin rufewa mai tsawon haka ba a tarihin ƙasar. Dubban ɗaruruwan ma'aikata sun zauna a gida babu albashi, wasu kuma sun ci gaba da aiki a kan alƙawarin za a biya su daga baya. Tallafin abinci da kimanin mutum miliyan 42 suka dogara da shi ya yi tangal-tangal a farkon Nuwamba, hukumar kula da sufurin jiragen sama kuma ta rage zirga-zirga a manyan filayen jirgi 40 saboda ƙarancin masu kula da sararin samaniya.

Duk wannan ya faru ne alhali jam'iyya guda, Rifablikan, ita ke riƙe da fadar shugaban ƙasa da Majalisar Wakilai da ta Dattawa. Mai sauraren labarai a Yamai ko Garwa ko Kumasi zai yi mamakin yadda mai rinjaye ya kasa fitar da kuɗin tafiyar da gwamnatinsa. Amsar tana cikin wata ƙa'ida ta Majalisar Dattawa da ake kira filibasta. Wannan ƙa'ida ce kuma ta haɗa batutuwa uku da ake ta ce-ce-ku-ce a kansu a birnin Washington a ƙarshen 2025: yadda majalisa ke yanke hukunci, yadda ake ware kuɗin gwamnati, da kuma ko duk jaririn da aka haifa a ƙasar Amurka ɗan ƙasa ne.

Mene ne filibasta?

Majalisar Dattawan Amurka tana da kujeru 100, kowace jiha biyu. A ƙa'ida ƙuri'a 51 sun isa a zartar da doka. Amma kafin a kai ga jefa ƙuri'a sai an rufe muhawara, rufe muhawara kuwa a kan yawancin dokoki yana buƙatar sanatoci 60. Ke nan sanatoci 41 na iya hana a kai ga ƙuri'ar ƙarshe har abada. A 2025 'yan Rifablikan na da kujeru 53, 'yan Dimokrat da masu zaman kansu biyu da ke tare da su na da 47. Giɓin ƙuri'a bakwai ɗin nan shi ne ya rufe gwamnati.

Masu jin Faransanci za su gane asalin kalmar, domin 'yar'uwar "flibustier" ce, wato ɗan fashin teku. Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci wannan ƙa'ida ko sau ɗaya ba. Ta samo asali ne daga wani gyara da majalisar ta yi wa dokokinta a 1806, inda ta cire hanyar tilasta kawo ƙarshen muhawara. Sai a 1917 aka kafa dokar rufe muhawara da kashi biyu cikin uku, bayan wasu sanatoci sun hana shugaba Woodrow Wilson izinin ɗora makamai a jiragen ruwan 'yan kasuwa ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1975 aka sauko da adadin zuwa 60.

A da, mai son hana doka sai ya tsaya da ƙafafunsa ya yi ta magana. Sanata Strom Thurmond ya yi awa 24 da minti 18 yana jawabi a 1957 don hana dokar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Tun daga shekarun 1970 abin ya sauya: ya isa marasa rinjaye su nuna cewa ba za su ba da ƙuri'un rufe muhawara ba, sai majalisa ta ajiye batun ta shiga wani. Da hana doka ya zama ba ya cin guminka, sai kowa ya mai da shi abin yau da kullum.

Yadda asusu ya kulle

Shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka tana farawa ran 1 ga Oktoba. Kafin ranar, majalisa na buƙatar zartar da dokokin kasafi 12, ko kuma wata doka ta wucin gadi da za ta bari a ci gaba da kashe kuɗi kamar na bara. In ba a yi ko ɗaya ba, wata tsohuwar doka ta ƙarni na 19 ta haramta wa ma'aikatu kashe abin da ba a ware musu ba. A 1980 da 1981 ministan shari'a na lokacin, Benjamin Civiletti, ya fassara dokar da cewa dole ayyuka su tsaya, in ban da na kare rai da dukiya. Daga nan rufe gwamnati ya shiga al'adar siyasar ƙasar.

Ƙasashen da masu karatun wannan shafi ke zaune ba su san irin wannan ba. A ƙasashe da dama masu bin tsarin Faransa, in majalisa ta makara, gwamnati kan ci gaba da kashe kashi ɗaya cikin 12 na kasafin bara a kowane wata. Kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har tsawon wata shida kafin sabon kasafi, na Ghana kuma wata uku. Faransa kanta, da gwamnatin Michel Barnier ta faɗi a Disamban 2024 babu kasafi, sai ta zartar da wata doka ta musamman don a ci gaba da karɓar haraji da biyan albashi. A Amurka babu irin wannan ƙofar baya, shi ya sa ranar ƙarewar kasafi ta zama ranar da marasa rinjaye ke da bakin magana.

A 2025 'yan Dimokrat sun ce ba za su ba da ƙuri'unsu ba sai an tsawaita tallafin inshorar lafiya da zai ƙare a ƙarshen 2025, wanda rashinsa zai ninka wa miliyoyin iyalai kuɗin da suke biya. 'Yan Rifablikan suka ce a fara buɗe gwamnati tukuna, sannan a zauna. Sau 14 ana gabatar da dokar wucin gadi a Majalisar Dattawa tana faɗuwa, duk da cewa takan samu ƙuri'u sama da 50. A ƙarshen Oktoba shugaba Donald Trump ya fito fili ya nemi sanatocin jam'iyyarsa su soke filibasta gaba ɗaya. Jagoran masu rinjaye, John Thune, ya ƙi, yana mai cewa ko a cikin jam'iyyar babu ƙuri'un da za su yi hakan.

Abin da ya warware kullin shi ne sauya ra'ayin wasu 'yan adawa. Ran 9 ga Nuwamba sanatoci takwas daga ɓangaren Dimokrat suka mara wa masu rinjaye baya, aka samu 60 cif da cif. Abin da suka karɓa a madadin haka shi ne alƙawarin za a yi ƙuri'a a kan tallafin lafiya a Disamba. An cika alƙawarin, ƙudurin ya samu ƙuri'a 51, kuma ya mutu a bakin ƙofar 60 ɗin da su da kansu suka yi kwana 40 suna fakewa a bayanta. Yarjejeniyar kuma ta ba yawancin ma'aikatu kuɗi ne zuwa 30 ga Janairun 2026 kawai.

Kowa ya taɓa son ta, kowa ya taɓa ƙin ta

Wanda ya bi tarihin muhawarar zai lura cewa matsayin kowace jam'iyya yana bin kujerar da take kai ne. A 2013 'yan Dimokrat, ƙarƙashin Harry Reid, suka cire sharaɗin 60 wajen tabbatar da ministoci da alƙalan ƙananan kotunan tarayya, saboda 'yan Rifablikan suna tare wa shugaba Barack Obama naɗe-naɗensa. Mitch McConnell ya gargaɗe su cewa za su yi da-na-sani. A 2017, da rinjaye ya dawo hannunsa, sai ya faɗaɗa gyaran ya haɗa da alƙalan Kotun Ƙoli. A Janairun 2022 'yan Dimokrat sun so su sassauta ƙa'idar don zartar da dokar zaɓe, amma sanatocinsu biyu, Joe Manchin da Kyrsten Sinema, suka ƙi. A lokacin 'yan Rifablikan ne masu kare filibasta, a 2025 kuma 'yan Dimokrat ne suka ci moriyarta. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, kuma wannan ne ainihin dalilin da ya sa Thune da abokansa suka ƙi bin umarnin Trump. Suna tsoron ranar da za su koma marasa rinjaye.

Masu kare ƙa'idar suna cewa tana tilasta sulhu, tana hana doka ta riƙa juyawa duk bayan zaɓe, tana kuma kare marasa rinjaye. Masu sukarta suna cewa tana bai wa 'yan tsiraru damar hana abin da jama'a suka zaɓa, a majalisar da dama can jihar Wyoming, mai mutane ƙasa da dubu 600, take da kujeru daidai da California mai kusan miliyan 39.

Kalmar "marasa rinjaye" ce ke buƙatar lura a nan, musamman ga al'ummomin da su kansu tsiraru ne a ƙasashen da suke. Waɗanda filibasta ke karewa su ne marasa rinjaye a cikin zauren majalisa, kuma ba lallai ne su zama masu magana da yawun raunana a cikin ƙasa ba. Da ita sanatocin jihohin kudu suka kashe dokar hana yi wa baƙaƙen fata kisan gilla a 1922 da kuma shekarun 1930. Irin wannan doka ba ta tabbata ba sai a 2022, sama da shekara 100 bayan yunƙurin farko. Babbar dokar haƙƙin jama'a ta 1964 sai da ta sha kwana 60 na jan ƙafa kafin a rufe muhawara da ƙuri'a 71. To amma a yau wannan katanga ce dai ke tare dokokin da za su tsananta wa baƙin haure. Katanga ba ta san wanda ke bayanta ba.

Jaririn da ake jayayya a kansa

Gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1868 ya tanadi cewa duk wanda aka haifa a ƙasar, kuma yake ƙarƙashin ikon dokokinta, ɗan ƙasa ne. An yi shi ne bayan yaƙin basasa don share hukuncin Kotun Ƙoli na 1857 a shari'ar Dred Scott, wanda ya ce baƙar fata, bawa ne ko 'yantacce, ba zai zama ɗan Amurka ba. A 1898 kotun ta sake duba batun a shari'ar Wong Kim Ark, wanda aka haifa a San Francisco, iyayensa 'yan China, aka kuma hana shi shiga ƙasar bayan ya dawo daga ziyara. Kotu ta ce haihuwarsa a ƙasar ta isa. Tun daga lokacin ake tafiya a kan haka, in ban da 'ya'yan jami'an diflomasiyya da makamantansu.

Ran 20 ga Janairun 2025, ranar da ya sake hawa mulki, Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ce hukumomi su daina ba da takardun zama ɗan ƙasa ga jaririn da mahaifiyarsa ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, ko take da bizar wucin gadi, matuƙar mahaifin ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da katin zama na dindindin. Wannan rukuni na biyu ya haɗa da ɗaliban jami'a da ma'aikatan da suka shiga ƙasar da cikakkun takardu. Ɗalibar da ta tashi daga Damagaram ko Marwa da tallafin karatu, ta haihu a can ita da mijinta ɗalibi, umarnin ya shafe ta kamar yadda ya shafi wadda ta tsallaka iyaka a ɓoye.

Hujjar gwamnati ita ce, kasancewa ƙarƙashin ikon dokokin ƙasa yana nufin cikakkiyar mubaya'a da zama na dindindin, kuma iyayen Wong Kim Ark mazauna ne na dindindin. Tana kuma cewa tsarin yana ƙarfafa shigowa ba izini da zuwa haihuwa don neman fasfo. Masu ƙara, cikinsu har da jihohi 22, suna cewa duk wanda ɗan sanda zai iya kamawa, kotu ta hukunta shi, yana ƙarƙashin ikon doka, kuma shugaban ƙasa ba shi da hurumin sauya ma'anar kundin tsarin mulki da alƙalaminsa. Kwana uku da fitar umarnin wani alƙali a Seattle, John Coughenour, wanda shugaba Ronald Reagan na Rifablikan ya naɗa, ya dakatar da shi. Ran 27 ga Yuni Kotun Ƙoli, da ƙuri'a shida da uku, ta rage ikon alƙali guda na dakatar da manufar gwamnati a faɗin ƙasa, amma ba ta taɓa ainihin batun ba. Lauyoyi suka koma da ƙara guda a madadin duk jariran da abin ya shafa, wani alƙali a jihar New Hampshire ya sake dakatar da umarnin a Yuli. Ran 5 ga Disamba Kotun Ƙoli ta amince za ta saurari shari'ar, aka kuma sa ran hukunci kafin ta tafi hutu a tsakiyar 2026. Har zuwa ƙarshen 2025 umarnin bai fara aiki ba.

A nan ne batun ya haɗu da filibasta ta fuska biyu. Ta farko, akwai ƙudurin doka a majalisa, wanda sanata Lindsey Graham da wasu suka gabatar, mai neman taƙaita wannan haƙƙi. Ba shi da hanyar samun ƙuri'a 60. Gyaran kundin tsarin mulki kuwa ya fi haka wuya, domin yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50. Da waɗannan ƙofofi suka rufe, sai fadar shugaban ƙasa ta ɗauki hanyar umarni, ta jefa ƙwallon gaban alƙalai. In aka soke filibasta, ƙudurin na iya zama doka da ƙuri'a 51, kuma ko da yake doka ba ta fi ƙarfin kundin tsarin mulki ba, za ta je kotu da nauyin da umarnin mutum ɗaya ba shi da shi.

Ta biyu, alƙalai huɗu cikin tara da za su yanke hukuncin an tabbatar da su ne bayan gyaran 2017, kuma babu wanda ya kai ƙuri'a 60 a cikinsu: Neil Gorsuch ya samu 54, Brett Kavanaugh 50, Amy Coney Barrett 52, Ketanji Brown Jackson kuma 53. Gyaran ƙa'idar majalisa da aka yi a 2017 shi ne ya fitar da siffar kotun da za ta yanke makomar jariran da ba a haifa ba tukuna.

Kuɗin da 51 ke iya ƙwacewa

Akwai dokokin da ba sa bi ta ƙofar 60, kuma su ne suka fi taɓa Afirka a 2025. Wata hanya ta musamman da aka tanada don haraji da manyan kashe-kashen kuɗi tana buƙatar rinjaye kawai. Da ita aka zartar da babbar dokar haraji ta Trump a farkon Yuli, da ƙuri'a 51 da 50, inda mataimakin shugaban ƙasa J.D. Vance ya raba gardama. A cikinta akwai harajin kashi ɗaya cikin 100 a kan kuɗin da ake aikowa gida daga Amurka, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairun 2026. Ya shafi wanda ya kai tsabar kuɗi wurin masu aikawa, bai shafi wanda ya tura daga asusun banki ba. Ke nan direban tasi a unguwar Bronx ta New York ko ma'aikacin masana'anta a Greensboro da ba shi da asusu, shi ne zai biya.

Haka kuma a Yuli majalisa ta amince a janye dala biliyan tara da ta riga ta ware, kusan biliyan takwas daga ciki na agajin ƙasashen waje ne. Ƙuri'a 51 suka yi wannan aiki. An tsame dala miliyan 400 na shirin yaƙi da cutar ƙanjamau bayan wasu sanatocin Rifablikan sun nuna turjiya. Wannan ya ƙara dagula tattaunawar kasafi, domin 'yan Dimokrat suna tambayar amfanin yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙuri'a 60 in har za a iya warware ta da 51.

Wasu abubuwan ma ba su bi ta majalisa ba sam. An rushe hukumar agaji ta USAID, wadda ke tallafa wa asibitoci da shirye-shiryen abinci a Sahel da yankin Tafkin Chadi, aka mayar da ragowar ayyukanta ma'aikatar harkokin waje a Yuli. Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda miliyoyin mutane suka saba ji, ya yi shiru a tsakiyar Maris ɗin 2025 bayan wani umarnin shugaban ƙasa. Yarjejeniyar kasuwanci ta AGOA ta ƙare ran 30 ga Satumba, daren da aka rufe gwamnati, ba tare da an sabunta ta ba. A Yuni an hana 'yan Chadi da Sudan biza, a tsakiyar Disamba kuma aka ƙara Nijar da Mali da Burkina Faso a jerin, aka kuma taƙaita wa 'yan Najeriya wasu nau'o'in biza. Filibasta na iya tare sabuwar doka, amma ba ta da iko a kan alƙalamin shugaban ƙasa.

Abin da ya ci Doma

Yawancin ƙasashen duniya ba sa ba da ɗan ƙasanci don haihuwa kaɗai. Masu yin haka sun kai 30 da wani abu, akasarinsu a nahiyar Amurka. Birtaniya ta daina a 1983, Ireland kuma bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2004. A Faransa ɗan baƙi da aka haifa a ƙasar yakan zama ɗan ƙasa ne da ya cika shekara 18, in ya zauna a can shekara biyar tun yana ɗan 11. Dokar Nijar ta 1984 da ta Kamaru ta 1968 sun amince da wanda aka haifa a ƙasa in har ɗaya daga iyayensa shi ma a can aka haife shi. Najeriya da Ghana sun fi dogara da jini, wato iyaye ko kakanni.

Saboda haka tambayar da Amurkawa ke yi yanzu tsohuwa ce a unguwannin zango. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, kuma cikin waɗanda suka ɗaure kaya akwai waɗanda aka haifa a Kumasi da Accra, ba su san wani gida ba. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora, Ganawa suka fi shan wahalarta. A Cote d'Ivoire, gardamar wane ne ɗan ƙasa na asali ta hana Alassane Ouattara takara a 1995 da 2000, ta kuma taimaka wajen jefa ƙasar cikin yaƙi. A Sudan, jikokin maniyyata da na waɗanda suka yi hijira bayan Turawa sun ci daular Sakkwato a 1903 sun haura shekara 100 a ƙasar, amma rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022, wanda ya ci rayuka sama da 100, ya taso ne daga gardamar ko Hausawa na da haƙƙin ƙasa da sarauta a yankin.

Akwai kuma labarin Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno. A 1980 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ce ba ɗan ƙasa ba ne, ta ɗauke shi ta kai shi Chadi. Kotu ce ta soke korar, ta tabbatar masa da haƙƙinsa. Shari'arsa da ta Wong Kim Ark, duk da shekaru 82 da teku da ke tsakaninsu, siffarsu ɗaya ce: mai iko ya ce wane baƙo ne, sai aka koma ga abin da ke rubuce a kundin tsarin mulki, alƙali ya karanta shi yadda yake.

Abin da tsiraru za su ɗauka daga rikicin Washington ke nan. Ƙa'idar majalisa al'ada ce ta 'yan siyasa, ƙuri'a 51 na iya share ta a yini guda, kamar yadda aka gani a 2013 da 2017. Umarnin shugaba ya fi ta rauni, domin magajinsa na iya yage shi ranar da ya hau. Haƙƙin da ya daɗe shi ne wanda aka rubuta a kundin tsarin mulki, aka samu kotun da ke iya faɗa wa mai mulki a'a, mai haƙƙin kuma yana riƙe da shaida a hannunsa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ta wajabta wa ƙasa ta ba da ɗan ƙasanci ga yaron da aka haifa a cikinta in babu wata ƙasar da ta karɓe shi, a Fabrairun 2024 kuma Tarayyar Afirka ta amince da wata yarjejeniyar a kan hana mutum zama marar ƙasa. Amma duk waɗannan tanade-tanade suna farawa ne daga takardar haihuwa, wadda har yanzu yara masu ɗimbin yawa a ƙauyukan iyaka da unguwannin zango ba su da ita. Yaron da ba a yi wa rajista ba, ko a ƙasar da dokarta ta fi kowace sauƙi yake, ba shi da abin da zai nuna wa alƙali.

A ƙarshen 2025, ranaku uku na 2026 ake jira. Ran 30 ga Janairun 2026 kuɗin yawancin ma'aikatu zai sake ƙarewa, kuma in aka sake cijewa, matsin lambar Trump a kan soke filibasta zai dawo. A tsakiyar shekara Kotun Ƙoli za ta faɗi ma'anar gyara na 14. Ran 3 ga Nuwamba kuma Amurkawa za su zaɓi dukkan 'yan Majalisar Wakilai da kusan kashi ɗaya cikin uku na sanatoci, kuma sakamakon zai nuna wace jam'iyya ce za ta wayi gari tana yabon ƙa'idar ƙuri'a 60 a 2027.